Tallafin kayan su: me zai sa masuncin Madarunfa ya ajiye taru mai ƙananan idanu?

Duk wanda ya saba sayen soyayyen kifi da marece a Maraɗi, ko a bakin babbar kasuwa ko a tasha, ya san iri biyu ake kasawa a tire. Akwai kifin teku da ke zuwa a daskare cikin kwali, akwai kuma kifin gida, na tabki da na gulbi. Na gidan ya fi daɗi a bakin mutane da yawa, to amma sau tari in ka leƙa tiren sai ka tarar da karfasar da ba ta wuce tsawon yatsa ba, an kasa ta tuli-tuli. Mai saye yana ganin araha. Masunci kuwa ya san wannan kifin baɗi ne aka ci bana.

Shi ya sa maganar tallafa wa masunta su sauya kayan aiki ta shafi ɗan birni kamar yadda ta shafi mai kwale-kwale. A ƙasashe da dama gwamnati na fitar da kuɗi don masunta su bar kayan da ke kwashe ƙananan kifi, su koma ga waɗanda ke barin ruwa ya sake cika. Wani wuri abin ya yi amfani, wani wuri kuɗin ya ƙara ɓarna. Mun duba yadda lamarin yake a jihar Maraɗi, abin da doka ta tanada, hanyoyin kuɗin da ake da su, da sharuɗɗan da ke sa tallafi irin wannan ya haifar da ɗa mai ido.

Ruwan da ake magana a kansa

Nijar ba ta da teku. Manyan wuraren sunta su ne kogin Kwara, da tabkin Cadi da Kumadugu Yobe a jihar Difa, sai tabkuna da madatsun ruwa da ke warwatse a sauran jihohi. A jihar Maraɗi babban ruwan shi ne tabkin Madarunfa, sama da kilomita 20 kudu da birni, wanda kan kai hekta 800 idan ya cika maƙil, sannan ya ja da baya sosai da rani. Akwai wasu kamar Kurfin Kura da Akadane, amma babu wanda ya kai shi.

Tabkin Madarunfa ba na masunta kaɗai ba ne. Masu lambu na ban ruwa daga gare shi, makiyaya na shayar da dabbobi, tsuntsaye masu ƙaura na sauka, masu ziyara kuma na zuwa kushewun waliyyai 99 da ke kewaye da shi. A shekarar 2006 Nijar ta gabatar da tabkin, da gandun dajin da ke kusa da shi, da kushewun, a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. A watan Disamba na 2019 kuma aka shigar da tabkin cikin jerin Ramsar, wato yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a Iran a 1971, wadda Nijar ta shiga a 1987. Ma'anar wannan ita ce ƙasa ta ɗauki alkawarin amfani da ruwan ta hanyar da ba za ta kashe shi ba.

Rayuwar tabkin a ɗaure take da Gulbin Maraɗi. Gulbin na fitowa daga Najeriya, ya shigo ta gundumar Madarunfa, ya bi ta Jiratawa, ya wuce ta gefen Maraɗi da Tibirin Gobir da Gidan Runji, sannan ya sake komawa Najeriya. Tsofaffi ba su manta ambaliyar 1945 ba, wadda ta sa aka tashi daga tsohon gari aka hau tudu. Yau gulbin ƴan watannin damina kawai yake gudu, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina zuwan ruwansa ya sauya. Ga yashi da zaizayar ƙasa ke turowa yana cike tabki sannu a hankali. Ruwa na raguwa ke nan, bakunan da ke jiran kifinsa kuma na ƙaruwa.

Abin da idon taru ke yi

Masunta na auna idon taru da yatsu: yatsa ɗaya, yatsa biyu, yatsa uku, har zuwa sama. Kalli, wato tarun da ake shimfiɗawa a ruwa a bar shi ya kwana, yana kama kifi ne ta wuya. Kifin da ya fi idon ƙanƙanta sai ya ratsa ya wuce, wanda kaurinsa ya yi daidai da idon shi ke maƙalewa. Saboda haka mai saƙa taru, tun yana zaune a inuwa, ya riga ya zaɓi girman kifin da za a kama.

Girman ne ke yanke hukuncin ko kifin ya samu damar haihuwa kafin ya shiga tukunya. Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, uwar ce ke ɗauke da ƙwanta a cikin baki har ya ƙyanƙyashe, ƴaƴan kuma su riƙa komawa bakinta in sun ji tsoro. Wanda ya kama uwa a wannan lokaci ya kama ɗaruruwan kifaye a jefa ɗaya. Tarwaɗa na jiran sabon ruwan damina ya malala cikin ciyawa, nan take zuba ƙwai dubbai, nan kuma ƴaƴan ke fakewa. Giwan ruwa ba ya saurin balaga, sai ya shekara biyu ko uku, don haka shi ne ke fara ɓacewa daga ruwan da aka matsa wa. Gaiwa ce kawai ke da dabarar shiga laka ta kwanta har ruwa ya dawo.

A yi ɗan lissafi a matsayin misali. Ƴan karfasa 100 masu nauyin giram 10 kowace, kilo ɗaya ke nan. In aka bar su, ko da rabi ne suka tsira daga bakin tsuntsu da manyan kifaye, sauran 50 ɗin suka kai giram 200 kowace, an samu kilo 10. Kuma kafin su kai nan sun riga sun hayayyafa.

Kayan da suka fi ɓarna iri uku ne. Na farko babban tarun ja, wanda ake zagaye ruwa da shi a jawo bakin gaɓa: yana share ƙasan tabki, ya rusa ramukan da karfasa ke haƙawa don ƙwai, ya kwaso babba da yaro. Na biyu tarun roba mai zare ɗaya, mai araha, wanda kifi ba ya gani cikin ruwa. In ya yage aka yar da shi ba ya ruɓewa, sai ya ci gaba da kama kifi yana kashewa ba mai amfana. Na uku gidan sauro. Ba a Nijar kaɗai ba, a wurare da yawa na Afirka an ga gidan sauron da aka raba don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ya koma abin kamun kifi. Idonsa ba ya barin ko ɗan tsako, maganin da aka jiƙa shi da shi guba ne ga kifi, yaron da ya kamata ya kwana a ciki kuma ya kwana a fili.

Abin da doka ta ce

Nijar ba ta rasa doka ba. Doka mai lamba 98-042 ta ranar 7 ga Disamba 1998 ita ce ta daɗe tana tafiyar da harkar su a ƙasar. Ta hana su da tarun da idonsa bai kai yatsa uku ba, wato santimita 6 idan an ja idon ya miƙe. Ta hana tarun ja da masu share ƙasan ruwa, ta hana amfani da nakiya, da guba, da wutar lantarki, ta kuma hana su a lokacin da hukuma ta rufe ruwa. Ta wajabta wa mai su don sayarwa ya mallaki takardar izni, wadda aka fi sani da permi. A ranar 16 ga Maris 2021 aka kafa sabuwar doka mai lamba 2021-003, wadda ta haɗa kamun kifi da kiwonsa wuri guda. Ma'aikatan ruwa da gandun daji ne ke da alhakin sa ido, su ne kuma masunci zai tuntuɓa a gundumarsa don sanin ranakun rufe ruwa da buɗe shi.

Kafin dokar gwamnati akwai ta gargajiya. A ƙasar Hausa ruwa na da sarki. Sarkin ruwa ne ke cewa yau a shiga, gobe a dakata, shi ke sasanta rikici tsakanin masunta. Misalin da kowa ya sani shi ne Matan Fada a Argungu, inda ake hana su tsawon shekara, ranar biki kuma ba a yarda da komai ba sai homa da gora. Manyan giwan ruwan da ake fitowa da su a ranar sakamakon wannan hutun ne. Kakanninmu sun san rufe ruwa tun kafin a rubuta shi da Faransanci.

Me ya sa hani kaɗai bai isa ba

In doka na nan tun 1998, me ya sa har yanzu ƙananan kifi ke cika tire? Amsar na cikin aljihun masunci.

Abu na farko shi ne tsadar kaya. Kalli mai inganci, da igiya, da dalma, da abin da zai sa ya yi iyo, kuɗi ne mai kauri ga mutumin da abin da ya kama da safe shi zai ci da dare. Yawancin kayan su ta Najeriya suke shigowa, don haka farashinsu na bin darajar naira da halin da iyaka ke ciki. An ga haka lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake gani a lokacin takunkumin CEDEAO bayan Yuli 2023.

Na biyu shi ne giɓin farko. Ranar da masunci ya koma yatsa uku a ruwan da aka riga aka tatse, manyan kifin da tarunsa zai kama ba su da yawa. Sai ya yi watanni yana fitowa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba kafin ƙananan su girma. Ribar na gaba, asarar kuwa ta yau ce, kuma yara ba sa jiran baɗi su ci tuwo.

Na uku shi ne maƙwabci. Kifin da ka bari ya ratsa tarunka ba ajiya ka yi ba, don babu sunanka a jikinsa. In na kusa da kai yana da yatsa ɗaya, shi zai kama shi gobe. Mai bin doka shi kaɗai wauta ya yi a idon ƴan uwansa. Muddin ba kowa ya sauya lokaci guda ba, babu wanda zai so ya zama na farko.

Na huɗu shi ne bashi. Masunta da yawa ba da kuɗinsu suka sayi taru ba. Dillali ko mai sarin kifi ne ya ba su, a kan za su riƙa kawo masa abin da suka kama. Mai bashi na jiran kaya kullum, bai damu da girman idon taru ba.

Idan aka ƙwace tarun mutum aka ƙone, aka ci shi tara, ba a taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai huɗu ba. Zai sake cin bashi ya sayi mafi araha, mafi arahar kuwa shi ne dai wanda aka hana. Senegal ta hana tarun roba mai zare ɗaya tun a dokarta ta 1998, ta sake jaddada hanin a dokar 2015, amma har yau ana ganinsa a bakin tekun ƙasar. Wannan giɓin ne tallafi ke son cikewa.

Ina kuɗin zai fito?

Taimakon da gwamnati da abokan hulɗarta suka fi sabawa da shi a Nijar shi ne zuba irin kifi a tabkuna, tare da raba taruna da kwale-kwale ga ƙungiyoyin masunta. Tabkuna da yawa da a da ba su da kifin kirki sun amfana da wannan. Sai dai zuba iri a ruwan da ake tacewa da gidan sauro kamar zuba ruwa ne a rariya.

Hanya ta biyu ita ce asusun FISAN, wanda aka kafa a 2017 a ƙarƙashin shirin 3N na “ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar” da aka ƙaddamar a 2012. Shirin ya ambaci kifi tare da noma da kiwo da albarkatun daji. Tsarin da aka fi sanin asusun da shi shi ne raba nauyi gida uku: mai neman tallafi ya kawo kashi 10 cikin 100, a ba shi kashi 40 kyauta, sauran kashi 50 kuma bashi ne daga banki irin BAGRI ko wata ƙaramar cibiyar ba da rance. A ce kayan da ake bukata sun kai jika 200. Mai nema zai kawo jika 20, a tallafa masa da jika 80, ya ranci jika 100.

Wannan tsari ya fi sauƙi ga mai lambun da ke da fili da takarda. Masunci ba shi da abin jingina, don tabki ba nasa ba ne, taru kuma abu ne mai lalacewa. Ga shi kuma a watannin farko bayan sauyi samunsa raguwa yake, lokacin da banki ke jiran biya. Shi ya sa ƙofar da ta fi buɗewa ita ce ta ƙungiya: masunta su yi rajista, su buɗe asusu, su tsaya wa juna. Zauren manoma na jiha, wato CRA ta Maraɗi, wanda ke cikin haɗakar RECA ta ƙasa, aikinsa ne taimaka wa manoma da makiyaya da masunta wajen shirya irin waɗannan takardu.

Akwai kuma tsarin ƙasa na bunƙasa kiwon kifi na shekarun 2020 zuwa 2035, wanda ke nuna inda hukuma ta karkata: a rage dogaro da abin da tabki ya bayar, a ƙara wanda ake kiwo. Bayan sauyin mulki na Yuli 2023 wasu masu ba da tallafi na waje sun dakatar da ayyukansu ko sun rage. Kuɗi ya yi ƙaranci, don haka kowace jika da za a kashe sai a tabbatar ta faɗa inda ya dace.

Tallafi mai gyara da mai ɓatawa

Ba kowane tallafi ne alheri ga ruwa ba. Duniya ta koyi wannan da tsada. Shekaru da dama manyan ƙasashe na biya wa jiragen sunsu kuɗin mai da na sababbin injuna, jiragen suka yi yawa, kifin teku ya ragu. Har sai da ƙungiyar ciniki ta duniya, OMC, ta cimma yarjejeniya a watan Yuni 2022 don hana tallafa wa su na haram da kuma su a wuraren da kifi ya riga ya ƙare. Yarjejeniyar ta shafi teku ne, amma darasinta ya shafi tabki: duk kuɗin da ke ƙara ƙarfin kamu ba tare da ƙara kifi ba, talauci yake saya wa masunta.

A Senegal, a zamanin mulkin Macky Sall, gwamnati ta riƙa biyan miliyan ɗaya na sefa a kan kowane injin kwale-kwale da masunci zai saya. Masunta sun ji daɗi, don injin ya sauƙaƙa musu aiki. Amma inji ba ya haifar da kifi, sai dai ya kai mutum nesa ya nemo ragowar.

Tarayyar Turai ta ware wa asusunta na harkokin teku da su da kiwon kifi kimanin Yuro miliyar 6 na shekarun 2021 zuwa 2027. Daga cikin abin da asusun ke biya har da kayan su masu zaɓen kifi, da diyya ga masunta idan an dakatar da su na ɗan lokaci. Ba mu da irin wannan kuɗi, amma dabarar ba ta fi ƙarfinmu ba: ana biyan sauyin kaya, ana kuma biyan lokacin jira.

Misali mafi kusa da mu shi ne tabkin Kainji a Najeriya, inda masunta da yawa Hausawa ne. A shekarun 1990 wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus ya gano cewa tarun ja da ake kira dala yana kwashe ƴaƴan manyan kifaye masu yawa. An hana shi a ƙarshen shekarun, kuma abin da ya ba hanin ƙarfi shi ne an jawo sarakunan gargajiya da sarakunan ruwa cikin aikin ba da izni da sa ido. Inda masunta ke ganin dokar tasu ce, ba sai an saka jami'i a kowace gaɓa ba.

Sharuɗɗan da za a duba

Daga waɗannan misalai, mai karatu na iya auna duk wani rabon kayan su da ya ji an yi a jiharmu da ƴan tambayoyi.

Shin musaya aka yi ko ƙari? In an ba mutum sabon kalli mai yatsa uku aka bar masa tsohon, taru biyu ke nan a ruwa maimakon ɗaya, ko kuma tsohon ya koma hannun ƙanensa. Sabon ya fita ne kawai idan tsohon ya shigo hannun kwamiti, aka lalata shi a gaban jama'a.

Shin kowa ya samu lokaci guda? Tabki ɗaya ne, ƙauyukan da ke kewaye da shi da yawa. In an sauya wa ƙauye ɗaya aka bar sauran, an hukunta waɗanda suka yarda ne. Wannan na bukatar a fara da ƙidaya: masunta nawa, kwale-kwale nawa, taru nawa, har da baƙin da ke zuwa ci-rani.

Shin an tanadi abin da za a ci a watannin jira? Lokacin rufe ruwa ya dace da damina, sa'ad da kifi ke ƙwai. Ana iya biyan masunta a wannan lokaci su yi aikin da tabkin ke bukata, kamar dashen itatuwa da gyaran ƙoramun da ke kawo yashi. Tsarin aiki don kuɗi ko don abinci ba baƙo ba ne a karkarar Nijar.

Shin an tuna da mata? Su ke soya, su ke banda, su ke kasawa. Ƙananan kifi ne jarin mai ƙaramin ƙarfi, don da ƴan dala take sara. In aka hana shi ba a ba ta ɗan jari ko murhun banda mai cin itace kaɗan ba, za ta ci gaba da nema, mai kawo mata kuma ba zai rasa ba.

Shin an bi tarun har kasuwa? Ya fi sauƙi a sa ido kan ƴan shagunan da ke sayar da haramtaccen taru da a bi ɗaruruwan mutane cikin ruwa da dare.

Shin akwai mai aunawa? In ba a rubuta nauyi da girman kifin da ke fitowa kafin rabo da bayansa ba, babu wanda zai iya cewa kuɗin ya yi aiki. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo na nan cikin Maraɗi da ɗalibanta, ma'auni da littafi kuma ba su da tsada.

Jiratawa da Tibiri

Mutumin Jiratawa ko na Tibiri na iya cewa wannan maganar ƴan Madarunfa ce. Gulbi ya haɗa su. Idan ruwa ya sauko da damina, kifi na bin sa yana shiga fadamu don yin ƙwai. Da ruwan ya janye sai ya bar ƙududdufai a gefen gulbi, cike da ƴan tarwaɗa da karfasa. A nan ne yara da manoman da ba su da permi ke shiga da tsohon gidan sauro ko zane. Ƙududdufin da zai ƙafe cikin mako biyu, kwashe kifinsa ba asara ba ce, har ma ana iya ɗibar ƴan kifin da rai a kai su ruwa mai daɗewa. Wanda zai kai rani kuwa, barin sa wata uku ko huɗu na nufin kifi mai kauri ga gari duka. Wannan shawara ce da mai gari da sarkin ruwa za su iya yankewa ba tare da jiran kuɗin kowa ba.

Jiratawa na da wata dama ta daban. Filin noman ranin da aka gina a can a farkon shekarun 1980, mai faɗin sama da hekta 500 a ƙarƙashin kulawar ONAHA, da ruwan rijiyoyin burtsatse yake aiki. Inda ake jawo ruwa kullum ana iya kiwon tarwaɗa a tanki ko a rami, ruwan da aka sauya kuma a kora shi cikin zogale ko kayan miya, don taki ne. Kiwon kifi na da nasa wahala, musamman tsadar abinci da samun iri mai kyau. Amma mai lambu na da fili da takarda, wato irin mutumin da tsarin 10, 40, 50 ya fi dacewa da shi. Duk kilon da ya fito daga tanki ya shiga kasuwar Maraɗi, sauƙi ne ga tabki.

Rabon ɗan birni

A duniya, a ƙiyasin hukumar FAO, mutum ɗaya na cin kimanin kilo 20 na kifi a shekara. Ɗan Nijar bai ko kusa da haka ba. A jihar da tamowa ke damun yara kowace shekara, tabki mai kifi ba ƙaramar dukiya ba ce. Ƙananan kifi ma abinci ne mai gina jiki, kuma akwai nau'in da ƙarami Allah ya halicce shi, ba ya girma. Wanda ake magana a kai shi ne ɗan karfasa, ɗan tarwaɗa da ɗan giwan ruwa da aka tare wa hanya.

Mai saye na da hannu a ciki, don abin da kasuwa ke karɓa shi masunci ke kawowa. Masu gidajen abinci da masu sari a babbar kasuwa, waɗanda ke sayen kaya da yawa, in suka ƙi karɓar karfasar da ba ta kai tafin hannu ba, saƙon zai isa bakin tabki kafin na kowace hukuma. Gidan sauron da aka karɓa a asibiti kuma a bar shi a kan gadon yara.

Sai kuma tambaya. Duk ranar da aka ji a rediyo cewa an raba wa masunta kaya a Madarunfa ko Kurfin Kura, ya dace ƴan majalisar shawara, da ƴan jarida, da masuntan kansu su tambayi masu rabon: yatsa nawa ne idon tarun, tsofaffi nawa aka karɓa, kuma me mutanen za su ci kafin kifin ya girma.